Gaisuwa kafin buƙata: jagorar addu'a ga mai bin Yesu a Yamai

A gidan Bahaushe, ɗa mai tarbiyya ba ya yi wa mahaifinsa magana a tsaye. Takalmi yake tuɓewa a bakin tabarma, ya durƙusa, ya tambayi kwana da gajiya, sa'an nan ya kawo abin da ke tafe da shi. Amma shi wannan ɗan ne ke wuce zaure kai tsaye, ya buɗe randa ya sha ruwa bai tambayi kowa ba, in dare ya yi ya shimfiɗa tabarmarsa a tsakar gida. Baƙo yana iya fin shi iya gaisuwa, sai dai a zaure zai tsaya har a yi masa iso.

Addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa da wannan ta fara: "Ubanmu wanda ke cikin sama" (Matiyu 6:9). "Ubanmu" ta shigar da kai cikin gida, "wanda ke cikin sama" ta kai gwiwarka ƙasa. Wasiƙar Ibraniyawa ma haka ta yi. A 4:16 ta ce mu matso kusa da kursiyin alheri gabanmu gaɗi, a 12:28-29 kuma ta ce mu yi sujada da ladabi da tsoro, domin Allahnmu wuta ne mai cinyewa. Hannu ɗaya ya rubuta ayoyin biyu.

Abin da ke biye tsari ne mai mataki bakwai na addu'ar mutum shi kaɗai, ta kamar minti 20 a rana. Muna cewa "ka" don sauƙin rubutu. Ƴar'uwa, da ke ma ake.

Fara gane ɓangaren da kake karkata

Kwana uku ka yi addu'a yadda ka saba, kana gamawa ka rubuta abin da ka faɗa a taƙaice. Ran na huɗu ka karanta. Yawancin mutane ɗaya daga cikin cuta biyu suke gani.

Ta farko ita ce baƙunta. Addu'ar tana kama da takardar neman aiki: kirari mai tsawo, kalmomin da ba ka taɓa faɗa wa kowa ba, amma babu inda ka ambaci abin da ya hana ka barci jiya. Mai wannan cuta in ya yi zunubi sai ya ƙaurace wa addu'a mako guda, wai sai ya gyaru tukuna. In abu ya yi tsanani, wurin fasto ko fada yake gudu a yi masa addu'a, shi bai buɗe baki ba. Tushen abin sau da yawa daga gida ne. A gidaje da dama ɗa ba ya zaman hira da uba; in yana son kuɗin makaranta ko ya ga yarinyar da yake so, ta bakin uwa ko kawu ko gwaggo maganar ke bi. Ɗan fari ma sunansa ba a faɗa. Wannan kunya tana da kyaunta a zaman gida, amma in ka ɗauko ta ka kawo gaban Allah, ka mai da labulen Haikali da ya tsage gida biyu ranar da Yesu ya mutu (Matiyu 27:51).

Ta biyu raini ne. An ce, ido wa ka raina? Ya ce wanda nake gani kullum. Mai wannan cuta yana addu'a salula na hannu, yana ba Allah wa'adi ("kafin ƙarshen wata"), yana ba da umarni kamar ya aiki yaron shago. Godiya layi ɗaya, buƙatu ashirin, tuba babu. Tambayar Malakai 1:6 tasa ce: in ni uba ne, ina girman da ake ba ni?

Wanda ya ga baƙunta a takardarsa ya fi ba mataki na biyar lokaci. Wanda ya ga raini ya daɗe a na uku da na huɗu. Kada ka rage ɗaya don ka ƙara ɗaya. Wanda ya ɓace za ka dawo da shi.

Wata kalma tana taimakawa a nan. "Abba" kalmar Aramaik ce, harshen da Yesu ya tashi da shi, kuma sau uku ta fito a Sabon Alkawari: Markus 14:36, Romawa 8:15 da Galatiyawa 4:6. Wasu masu wa'azi kan ce maganar jarirai ce kawai. Manya ma da ita suke kiran mahaifinsu, kamar yadda magidanci mai furfura a Bukoki zai ce "Baba" ko "Abba" yana durƙushe. Duba kuma inda Yesu ya faɗe ta: a Getsamani, bayan ya faɗi ƙasa. Harshenmu ma ya riga ya koya mana wani abu. Dattijo muna ce masa "kun kwana lafiya?", amma Allah muna ce masa "ka ba mu", "ka gafarta mana". Masu yin Addu'ar Ubangiji da Faransanci su ma, tun fassarar haɗin gwiwa ta 1966, da "tu", wato "kai", suke kiransa.

Mataki na 1: tsai da lokaci da wuri

Lokaci ɗaya, wuri ɗaya, kwana 30 a jere kafin ka ce tsarin bai yi maka ba. Wanda bai saba ba ya fara da minti 10. Mai cewa daga gobe awa guda zai riƙa yi, ran Alhamis ya daina.

Asuba ta fi dacewa da yawancin mutanen Yamai, saboda dalilai na zahiri: gari bai yi zafi ba, yara ba su tashi ba, salula ba ta fara kuka ba. Yesu ma da asussuba ya fita wurin da ba kowa (Markus 1:35). Ba ka ma buƙatar agogo, domin kiran sallar asuba yana tashi tsakanin ƙarfe 5 da 6 gwargwadon lokacin shekara. Maƙwabcinka ya tashi zuwa tasa ibada, kai ma ka tashi zuwa taka. Mai gadi, ma'aikaciyar likita mai kwana aiki, da mai tuyar ƙosai da ke hura wuta tun duhu, su zaɓi wani lokaci, misali bayan an sauka aiki an yi wanka. Babu zunubi a haka. Daniyel sau uku a rana yake durƙusawa (Daniyel 6:10), amma al'adarsa ce, ba doka aka ɗora mana ba.

Matiyu 6:6 ta ce ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa. A gidan haya mai ƙofa takwas, cikin zafin Afrilu da Mayu lokacin da awo ke haura 40 kowa yana kwana waje, wannan da wuya. Manufar ayar ita ce kada ka yi don a gan ka. Zama cikin gidan sauro a kan tabarmarka ya isa ɗaki. Bayan gida kusa da bishiya, ko cikin shago kafin ka ɗaga ƙofa, duk sun yi. Hannatu leɓunanta kaɗai ke motsi, ba a jin muryarta, kuma an amsa mata (1 Sama'ila 1:13).

Mataki na 2: shirya jiki

Ba a ɗora wa Kirista alwala ko fuskantar wata kusurwa ba (Yahaya 4:21-24). Duk da haka wanke fuska da kurkure baki suna korar barci, kuma jiki yana koya wa zuciya. Littafi Mai Tsarki ya nuna masu addu'a a tsaye, a durƙushe, rub da ciki, da hannuwa a sama, har da Dawuda a zaune gaban Ubangiji (2 Sama'ila 7:18). Shawararmu: ka fara a durƙushe na minti biyu ko uku na farko, sa'an nan ka zauna don hira. Mai ciwon gwiwa ko mai juna biyu su zauna tun farko, su sunkuyar da kai. Tuɓe takalmi ba wajibi ba ne, amma wanda ba ya taka tabarmar surukinsa da takalmi ya san dalilin da aka ce wa Musa ya tuɓe nasa (Fitowa 3:5). Katolika su fara da alamar gicciye a hankali, ba irin ta korar ƙuda ba.

Salula kuwa a kashe ta ko a bar ta wani ɗaki. In a cikinta kake karatun Littafi, ka rufe intanet tukuna. Saƙon WhatsApp ɗaya ya isa ya cinye minti goma.

Mataki na 3: gaisuwa (minti 5)

Minti ɗaya na farko kada ka ce komai. Mai Hadishi 5:2 (tsohuwar fassarar Hausa ta 1932 tana kiran littafin Mai-Wa'azi) ta ce kada ka yi garajen magana, Allah yana sama kai kana ƙasa, kalmominka su zama kaɗan. Ka tuna gaban wa kake.

Sai ka karanta Zabura ɗaya da murya ƙasa-ƙasa, yadda kunnenka zai ji. Karatun zuci yana gudu, na baki yana tilasta maka tafiya sannu. Zabura 150 ne. Ɗaya a rana, wata biyar ka sauke. Ta 119 mai aya 176 ka raba ta takwas-takwas yadda aka tsara ta. Ga mai farawa, 8, 95, 100, 103 da 145 sun fi sauƙin zama gaisuwa.

Bayan karatu ka ɗauki abu ɗaya tak da Zaburar ta faɗa game da Allah, ka maimaita masa da kalmominka. In 103 ce, misali: "Ya Uba, ka ce ka san da ƙura aka yi mu. Ka san iyakar ƙarfina, ban ɓoye maka ba." Sai godiya uku daga jiya, masu suna: ruwan da ya zo a famfo, zazzaɓin yarinya da ya sauka, cinikin da aka yi a Katako. "Na gode don komai" ba ta motsa zuciyar kowa.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne jero sunayen Allah goma sha biyar a numfashi ɗaya, kamar maroƙi a gidan biki yana jiran a liƙa masa. Yesu ya hana yawan surutun da ake zaton shi ke sa a ji mutum (Matiyu 6:7). Suna ɗaya da ka tsaya a kansa ya wadatar.

Mataki na 4: tuba (minti 3)

Da Ishaya ya ga Ubangiji a kursiyinsa, ba wanda ya ce masa ya tuba. Da kansa ya ce kaitona, leɓunana marasa tsarki ne (Ishaya 6:5). Shi ya sa tuba ke bin gaisuwa. Ka roƙi Allah ya bincike ka kamar yadda Zabura 139:23-24 ta yi, ka bi jiya daga safe zuwa dare, ka kira laifi da sunansa. "Ka gafarta mini zunubaina da na sani da waɗanda ban sani ba" mafaka ce ta mai gudun faɗin gaskiya. Ka ce: na tauye tiya, na zagi matata gaban yara, na ci bashin jikka biyar ina ɓuya wa mai shi, na kai gulmar ƴar'uwa a zumuntar mata da sunan roƙon addu'a.

In laifin ya taɓa wani, ka tsai da abin da za ka yi yau da lokacin yinsa, domin Matiyu 5:23-24 ta sa sulhu gaba da baiko. Sa'an nan ka karanta 1 Yahaya 1:9 ka tashi daga wurin. Maimaita laifin da ka riga ka furta ka kuma bari, kwana goma a jere, yana kama da tawali'u, amma ƙin karɓar gafara ne. Ga Katolika, wannan bincike na kullum shiri ne na zuwa furta zunubi wurin fada, bai maye gurbinsa ba.

Mataki na 5: buɗe ciki (minti 6, ko fiye)

Nan ne ɗan gida ke bambanta da baƙo, nan ne kuma mutanenmu suka fi shan wuya. An horar da mu da "lafiya lau" ko da ciki na ƙuna. Zabura 62:8 kuwa cewa ta yi ku zuba zuciyarku a gabansa.

In ba ka san ta inda za ka fara ba, amsa tambaya uku da babbar gaskiya. Me ya faranta mini rai jiya? Me ya ɓata mini? Me nake tsoro yau? Ka yi magana da harshen da kake kuka da shi in ka taka ƙaya. Yamai gari ne da mutum kan yi sujadar Lahadi da Faransanci, ciniki da Zabarmanci, faɗan gida da Hausa ko Gurmanci. In Faransanci harshen ofis ne a wurinka, addu'arka da shi za ta fito da rigar ofis. Ka bar "ya Maɗaukaki, bawanka yana cikin wani hali", ka ce "Baba, kuɗin haya ya cika ran biyar ga wata, ba ni da rabi, kuma ina jin kunyar haɗuwa da mai gidan."

Akwai masu tsoron kada wannan ya zama saɓo. Su duba abin da Allah da kansa ya bari a Littafinsa. Zabura 13 ta tambayi "har yaushe?" sau huɗu cikin aya biyu. Zabura 88 a duhu ta ƙare, ba ta juyo da yabo ba. Irmiya ya ce wa Allah ka ruɗe ni (Irmiya 20:7). Yesu a kan gicciye da farkon Zabura 22 ya yi kuka. Iyakar da ke tsakanin kuka da saɓo ita ce inda fuskarka ke kallo. Mai Zabura Allah yake yi wa magana, yana ce masa "Allahna" ko cikin fushi. Isra'ilawa masu gunaguni a jeji junansu suka juya wa, suna shirin naɗa shugaba su koma Masar (Littafin Ƙidaya 14:1-4). In dai da shi kake magana, ba ka kuma jingina masa mugunta a matsayin hukuncinka na ƙarshe ba, kana cikin gida.

Wanda ya fi nuna yadda ake haɗa naci da ladabi shi ne Ibrahim, a Farawa 18:23-32. Ciniki ya yi da Allah a kan Saduma, irin na mai sayen rago a kasuwa: daga adalai 50 ya sauko 45, 40, 30, 20, har 10. Sau shida yana taya. Amma a tsakani yana cewa ni ƙura ne da toka, yana cewa kada Ubangiji ya yi fushi, bari in ƙara magana sau ɗaya. Bai fasa naci don ladabi ba, bai kuma ajiye ladabi don naci ba. Ka karanta wurin sau biyu ko uku har salon ya zauna a bakinka.

Hawaye in sun zo a bar su, namiji ne ko mace. In ba su zo ba kada a matso su. In kalma ta ƙare ƙaf, zauna da nishinka. Romawa 8:26 ta ce Ruhu yana roƙo dominmu da nishe-nishen da ba su faɗuwa.

Mataki na 6: roƙo (minti 4)

Ka roƙa a fili, da suna da adadi, sa'an nan ka miƙa wuya. A Getsamani Yesu ya fara cewa a ɗauke masa ƙoƙon wahala, daga baya ya ce ba nufina ba sai naka. Mai fara da "duk yadda ka ga dama" bai roƙi komai ba tukuna, sau da yawa tsoron jin kunya ne in ba a ba shi ba. Mai ƙin faɗinta gaba ɗaya kuma ya ɗauka ya fi Allah sanin abin da ya dace da shi.

Don roƙo saboda wasu, sami ƙaramin kaye irin na ƴan makaranta, ka raba mako. Misali: Litinin iyali da dangin ƙauye, Talata fasto ko fada da ikilisiya, Laraba maƙwabta da abokan aiki, Musulmi da Kirista, Alhamis shugabannin ƙasa kamar yadda 1 Timoti 2:1-2 ta umarta, da sojoji, da mutanen Tillaberi da Diffa da rashin tsaro ya raba da gidajensu, Juma'a marasa lafiya, Asabar waɗanda suka cuce ka. Da damina a ƙara manoma da mazauna bakin kogin Isa masu fargabar ambaliya. Suna biyar a rana sun isa. Talatin kiran suna ne irin na aji. Ka rubuta ranar da ka fara roƙo, ka bar fili don ranar amsa. Bayan wata shida wannan kaye zai ba ka abin godiya na mataki na uku.

Ta Asabar ta fi nauyi. Masu bi da suka ga yadda aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai cikin Janairun 2015 sun san Matiyu 5:44 ba ƙaramin umarni ba ne. In bakinka ya kasa sa albarka, fara da gaskiya: "Uba, ba na son yi masa addu'a, ka ba ni son." Ita ma addu'a ce.

"Cikin sunan Yesu" kuma ba hatimi ba ne, ba laya ba. Yaron da ya je shago ya ce "Baba ya ce a ba ni sukari" ana ba shi don darajar uban, amma ba zai karɓo abin da uban ya haramta da sunansa ba. Ayyukan Manzanni 19:13-16 ta ba da labarin mutum bakwai, ƴaƴan wani babban firist, da suka ɗauki sunan kamar maganin tsibbu. Tsirara suka fita da raunuka.

Mataki na 7: saurare da rufewa (minti 2)

Ɗa mai hankali ba ya zazzage buƙatunsa ya miƙe uban bai ce uffan ba. Ka yi shiru, ka koma kan ayar da ta tsaya maka a Zabura, ka tambaya: me zan yi da wannan yau? Abin da ya zo, in umarni ne da Littafi ya riga ya bayar, kamar ka nemi gafara ko ka ziyarci gwauruwa, tashi ka yi. In kuwa sabon abu ne mai nauyi, aure, barin aiki, tafiya ƙasar waje, ba wani kuɗi, kada ka fita kana cewa "Allah ya ce mini". 1 Yahaya 4:1 ta ce a gwada ruhohi. Ka auna shi da Littafi, ka kai wa dattawan ikilisiya biyu da ba su jin tsoron gaya maka gaskiya, ka ba shi makonni. Duk muryar da ta ce ka bar maganin da likita ya rubuta maka don nuna bangaskiya, kada ka bi ta.

Ka rufe da Addu'ar Ubangiji, kana numfasawa bayan kowane layi. Ka riƙe rabin aya ɗaya don cikin yini. A cunkoson gadar Kennedy ko a bayan kabu-kabu, addu'ar daƙiƙa biyar ta halatta. Nehemiya ya yi irinta tsakanin tambayar sarki da amsarsa (Nehemiya 2:4).

Inda abin ke lalacewa

Barci. Dalilinsa kusan kullum shayi da hira ne har ƙarfe ɗaya na dare, ko addu'a a kwance. Kwanta da wuri, yi addu'a a tsaye ko kana tafiya a tsakar gida, da murya.

Tunani mai yawo. Ajiye biro kusa. In "sayen gawayi" ya faɗo, rubuta ka koma. In tunani ɗaya ya dawo sau uku, shi ne abin da ke ranka. Sa shi a mataki na biyar.

Bushewa, wato makonni kana yi ba ka jin komai. Duba abu uku tukuna: laifin da ka ƙi saki, gaba da wani (1 Bitrus 3:7 ta ce wulaƙanta mace yana toshe addu'ar miji), da gajiyar jiki ko rashin lafiya. In babu ko ɗaya, ci gaba da tsarin yadda yake, ka jingina da Zabura 42 da 63. Jin daɗi ba shi ne ma'aunin an ji ka ba.

Amsa ta ƙi zuwa. Yakubu 4:3 ta ce wani roƙon don sha'awa ake yinsa, sai ka binciki naka. Amma Bulus sau uku ya roƙa a cire masa ƙaya, aka ce masa alherina ya ishe ka (2 Korintiyawa 12:8-9), kuma ba wanda zai ce Bulus ya rasa bangaskiya. Saboda haka kada a ɗora wa mara lafiya ko matar da ba ta haihu ba laifin ƙarancin bangaskiya.

Ihu. Ibraniyawa 5:7 ta ce Yesu ya yi roƙo da kuka mai ƙarfi, don haka ɗaga murya ba laifi ba ne. Laifin yana wurin zaton ƙarar ce ke sa a amsa; annabawan Ba'al sun yi ta tun safe har bayan tsakar rana ba wanda ya kula su (1 Sarakuna 18:26-29). Ƙarfe biyu na dare a gidan haya, maƙwabci mai jinya ma yana da hakki a kanka.

Kalmar "Uba" da kanta tana yi wa wasu ɗaci: wanda mahaifinsa ya tafi biɗa bai dawo ba, wanda dorina kaɗai ya sani, wanda aka kora daga gida don ya bi Yesu. Irin wannan kada ya tilasta wa kansa. Ya fara da "Makiyayina" na Zabura 23, ya zauna da Zabura 27:10 da Ishaya 49:15, ya riƙa karanta Luka 15:20 inda uban ya sheƙa a guje ya rungume ɗan, abin da dattijo ba ya yi a bainar jama'a. Yana iya ɗaukar watanni kafin kalmar ta daina ciwo.

In ka yi kwana uku ba ka yi ba, babu ramuwa. Buɗe Zaburar da ka tsaya.

In an ce ka yi addu'a a gaban mutane

A majami'a ko a sujadar gida, abin da ka zuba a mataki na biyar ba na nan ba ne. Ka ce "mu", ka tsaya a minti biyu zuwa uku, ka roƙi abin da aka ce a roƙa. Kada ka yi wa'azi ido rufe, kada ka jefa habaici ("ka shiryi wasu a cikinmu da ba su ba da baiko"), kada ka fallasa ciwon wani ko rikicin aurensa sai ya yarda. Muryarka ta kullum ta isa. Wanda ke canja murya in ya kama makirfo, yara suna lura.

A gida, minti 10 bayan tuwon dare sun fi awa guda sau ɗaya a wata. A karanta ayoyi biyar zuwa goma, kowane yaro ya faɗi godiya ɗaya da roƙo ɗaya da bakinsa, ko da a kan akuyarsa ce, kada a yi masa dariya ko a gyara masa kalma. Maigida ya durƙusa tare da su inda za su gan shi, kuma ranar da ya yi wa uwarsu ko ɗaya daga cikinsu ba daidai ba, ya nemi gafara a wurin kafin a ce amin.